Panadol da maganin tarin TB

Kina tambaya ko maigidanki da ke shan maganin TB zai iya hadawa da paracetamol in kansa na ciwo. Eh zai iya, amma kadan, kuma ba kullum ba. Cikin maganin TB din akwai wani magani mai suna isoniazid, shi kuma yana shiga wani sinadarin hanta mai suna CYP2E1 ya toshe shi, to abin mamakin shi ne yana kuma hana jiki rushe sinadarin, sai ya taru, da maganin ya ragu a jini sai ga sinadarin da yawa yana ta juya paracetamol zuwa guba mai cin hanta.

Wallahi na ga wannan a kan kanina a kauyenmu wajen Ringim, lokacin girbi yana shan panadol safe da yamma ga kuma maganin mura na kemis, ashe shi ma akwai paracetamol ciki, sai ido ya yi ruwan dorawa fitsari kamar shayi. Don Allah ki rika duba bayan kwali, kuma in kin ga alamar shawara ko amai ku koma asibitin da ke ba shi maganin a ranar.