Bindiga mai ɗura kanta a harbin tirap: ta gas ko ta sifirin?

Ɗan'uwa, ka tambaya wacce za ka saya don tirap, wasan nan da inji ke cilla faifan yumɓu sama ana harbinsa, tsakanin Beretta A400, Remington 1100 da Benelli. Duka ukun sun sha hawa kafaɗata, kuma ni dai ta gas zan ce maka.

Dalili na farko kafaɗarka ce. Zagaye ɗaya faifai 25 ne, biyar-biyar a tasha biyar, ranar gasa kuwa sai ka harba 100 ko 200. A400 da 1100 da hayaƙin harbi suke aiki: wani kaso na gas ɗin yana bi ta ƙananan kafofi a jikin bututu ya tura fistin, sai naushin ya iso maka a hankali maimakon bugu guda. Benelli kuwa ja da bayan bindigar ne ke matse sifirin ya buɗe ta. Ba ta da nauyi, ba ta tara dauɗa, mafarauci mai yini yana tafiya zai so ta. Amma a tirap tsaye kake wuri ɗaya, nauyi ma taimakonka yake, kuma tsarin sifirin ya fi jituwa da harsashi mai ƙarfi, alhali mu mara ƙarfi muka fi harbawa.

Sai dai abin da ya fi damuna, wanda sababbin shiga ba sa tambaya, shi ne inda bindigar ke zuba dalmarta. Faifan tirap yana fitowa ne daga ɗakin da ke yadi 16 a gabanka, yana nisa yana hawa sama. Bindigar farauta rabi sama rabi ƙasa da inda ka saita take watsawa, dole sai ka rufe faifan da bakinta, wato ka daina ganinsa daidai lokacin da za ka ja kunama. Ta tirap kashi 60 ko 70 cikin 100 take jefawa sama, faifan na zaune bisa ɗan saitin kana kallonsa. Na yi kusan shekara ina harbi ƙarƙashin faifai, ina zargin idona, har ranar da na kafa babbar takarda na harbe ta. Ashe gindin bindigar ne ya yi wa kuncina ƙasa. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don harsasan da na ɓata ba kaɗan ba ne. Shi ya sa nake yabon A400 Xcel Multitarget: mazaunin kunci da layin saiti duk ana ɗaga su a sauke. Ita 1100 a 1963 ta fara shiga kasuwa, samfurinta na tirap yana da gindi mai tudu, laushin harbinta kuma har yau ana misali da shi. Ka dai riƙa ajiye zoben robarta na gas a jaka, ka kuma wanke fistin a kai a kai.

Bututu inci 30 ko 32 ya wadatar.

Kwanson harsashi kuwa, kada ka raina shi. Dama bindigar ke cilla shi, daidai inda abokin layinka yake tsaye yana shirin kiran faifansa. Na taɓa jifan wani dattijo da shi a wuya, kunyar ba ta bar ni ba har yau. Ka sayi ɗan maƙalin da ke riƙe kwanso tun ranar da ka sayi bindigar, ka cire shi in za ka harbi faifai biyu-biyu. Kafin ka biya kuɗi kuma, ka ari kowacce ka yi zagaye biyu da ita, ka harbi takarda.