Waya ko tablet: wanne zan saya don tuƙa diron ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Kano, kwanan nan na sayi DJI Mini 2 na hannu. Manhajar DJI Fly ta ƙi hawa wayata sam, na ari ta ƙanina ta hau, amma da na fita rana bana ganin komai a sikirin, ga zafi kamar dutsen guga, hoton kuma sai tsaitsayawa yake. Wani abokin aikina ya ce in sayi babban tablet kawai in huta. Wanne ya fi, kuma me zan duba kafin in ba da kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin ka bi shawarar abokin nan naka ka ɗan dakata tukuna, domin duk matsalolin nan da ka lissafa babu ko ɗaya da girman sikirin zai magance maka, wataƙila ma tablet mai araha ya ƙara maka ciwon kai.

Bari mu fara da aikin da wayar take yi, don mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Ba waya ce ke tuƙa jirgin ba. Rimot ne ke magana da diron ta siginar rediyo, ita wayar an jona ta da rimot ne ta ɗan gajeren kebul, aikinta ta karɓi hoton da ke saukowa ta warware shi ta nuna maka nan take, tare da nisa da tsayi da sauran cajin batir da taswira. Bidiyon 4K da za ka kai wa amarya yana kan katin memori da ke cikin jirgin, abin da kake gani a waya 720p ne kawai. Kenan kyamarar wayar, ko mega nawa aka rubuta a kwali, ba ruwanta da wannan aiki. Kuma ko manhajar ta mutu jirgi yana sama, sandunan rimot suna nan suna aiki, maɓallin dawo-gida ma yana aiki, kada ka firgita ka saki hannu. Amma dai tuƙi ba tare da kana gani ba a saman taron mutane ba abin wasa ba ne, shi ya sa zaɓen wayar ke da muhimmanci.

To me ya hana ta hawa wayarka? Kusan ko yaushe dalili ɗaya ne: DJI Fly sai Android mai 64-bit. Ƙananan wayoyi masu araha, musamman masu Android Go, da yawansu 32-bit ne, kuma abin haushin shi ne za ka ga furosesar ita 64 ce amma tsarin Android ɗin da kamfani ya ɗora mata 32 ne, sai mai shago ya rantse maka cewa 64 ce, kuma ba ƙarya ya yi ba, rabin gaskiya ya faɗa. Hanyar ganewa: ka sauke AIDA64, kyauta ce, ka duba inda aka rubuta ABI. In ka ga arm64-v8a to za ta hau, in armeabi-v7a kaɗai ka gani ka ajiye musu abarsu. Wani abu kuma, a Android ba a Play Store ake samun DJI Fly ba, daga shafin kamfanin DJI ake sauke ta kai tsaye. Duk wata mai kama da ita da ka gani a Play Store ko wadda aka turo maka ta Xender ba ka san asalinta ba, ka bar ta. Masu iPhone su a App Store suke samu ba wata wahala. A shafin na DJI akwai jerin wayoyin da suka gwada suka tabbatar, ka leƙa, wayar da ba ta ciki tana iya yin aiki lafiya lau, sai dai kai ne za ka zama ɗan gwaji.

RAM kada ta gaza 4GB, 6 ta fi kwanciyar hankali. Kuma ka lura da irin tallan nan na "8GB" wanda in ka karanta ƙananan rubutu za ka ga 4 ce ta gaske, 4 kuma aro aka yi daga ma'ajiya. Ta gasken ita ce lissafi.

Yanzu maganar rana, wadda ita ce babbar magana a wajenmu. Hasken sikirin da nit ake auna shi. Tablet masu araha yawanci 400 ne ko ƙasa da haka, an yi su ne don kallon fim a falo. iPad mini 5 da mini 6, waɗanda masu diron da yawa ke yabo, 500 ne. iPhone 11 da 12 suna 625, iPhone 13 tana 800, 13 Pro kuma 1000. Rimot ɗin DJI mai sikirin a jikinsa, DJI RC, 700 ne, babban yayansa RC Pro 1000. Ka ga kenan waya mai kyau ta fi tablet haske nesa ba kusa ba, kuma a filin ɗaurin aure da ƙarfe biyu na rana, inda kowa ke sanye da farar shadda tana ƙara maido maka hasken ido, ƙaramin sikirin da kake gani ya fi inci 10 da ya koma madubi kana kallon fuskarka a ciki. Ka yi hattara da lambar da ake tallatawa ma, irin 1500 ko 2000 ɗin nan, galibi ƙololuwa ce da wayar ke kaiwa na ɗan lokaci ko a wani ɓangare na sikirin, ba hasken da za ta riƙe maka minti ashirin ba.

Abin da ya kawo mu zafi. Apple da kansu sun rubuta cewa iPhone da iPad an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran kamfanoni ma kusan haka ne. Kano a watan Afrilu kuwa wuce 40 ba labari ba ne, kenan tun kafin ka kunna komai ka riga ka tsallake iyaka. Sai ka ƙure haske, furosesa na ta warware bidiyo ba hutu, rana na dukan gilashi, rimot ɗin kuma yana tura wa wayar caji ta kebul. Idan waya ta ji wuta abu biyu take yi don ta ceci kanta: ta rage haske da kanta ko da ka ƙure shi, sannan ta rage gudun furosesa, nan ne hoto zai fara tsaitsayawa. Abin da wayar ƙaninka ta yi kenan, ba lalacewa ta yi ba, kuma ba sigina ba ce. Ni ma ya taɓa faruwa da ni a wajen wata walima, batir na biyu ina tsakiyar zagaye rumfa sikirin ya dushe kamar an kashe fitila, sai da na ruga ƙarƙashin wata dalbejiya na danna dawo-gida ina addu'a, masu biki suna ta tafi sun ɗauka salo ne.

Babu wayar da ta fi ƙarfin ranar bazara, amma akwai bambanci. Waya mai ƙarfin furosesa wannan aikin ba ya wahalar da ita, don haka ba ta saurin ɗaukar zafi kamar ƙarama wadda ke numfashi sama-sama. Shi ya sa tsohuwar babbar waya ta 'yan shekarun baya, irin Galaxy S21 ko S22 ko iPhone 12 ko 13, ta fi min sabuwar waya gal mai araha a kuɗi ɗaya. Sauran kuma dabara ce. Ka cire rigar wayar kafin ka tashi jirgi. Ka tsaya a inuwa, jirgin ne ke buƙatar sarari ba kai ba, in babu inuwa yaronka ya riƙe maka lema. Ka sayi 'yar rumfar nan ta sikirin da ake maƙalawa, ba tsada, ko ka yanka kwali ka shafa masa baƙin fenti. A cikin saitin DJI Fly akwai inda manhajar ke ajiye kwafin bidiyo a waya yayin da kake ɗauka, ka kashe shi, aiki ne na banza kake ɗora mata. In iPhone ce akwai zaɓin hana rimot yi mata caji, in tana da caji ka hana shi. Tsakanin batir da batir ka kashe sikirin ta huta, kuma don Allah kada ka bar ta a gaban mota ko ka sa ta a firij, raɓa za ta shiga ciki.

To tablet fa, ba shi da amfani kenan? Yana da shi. In aikinka auna fili ne ko duba gona ko gini, inda kake son ganin taswira da faɗi kana jera wuraren da jirgi zai bi da manhaja irin su Litchi, ko kuma idonka ya fara gajiya, babban sikirin ni'ima ne. Amma ka san abin da za ka ɗauka. Maƙalin rimot ɗin Mini 2, wato RC-N1, iyakar faɗin da yake kamawa milimita 86 ne, iPad mini kuwa faɗinsa ya kai kusan 135, kenan sai ka sayi wani maƙalin daban da kebul mai tsawo, nauyi ya ƙaru ya rinjayi gaba, bayan batir uku wuyan hannunka zai gaya maka, sai ka haɗa da igiyar rataya a wuya. Sannan iPad mai Wi-Fi kaɗai ba shi da GPS a ciki, sai wanda ke da gurbin SIM, ko ba ka sa masa layi ba. Jirgin zai tashi lafiya don yana da nasa GPS, kuma da shi yake gane inda ya tashi, amma in kana bin ayarin motocin kai amarya ka bar inda ka fara, kana son ka gaya masa sabon wajen dawowa shi ne inda kake tsaye yanzu, ko ya faɗa gonar wani kana nemansa a taswira, nan za ka ji rashin GPS ɗin. In dai tablet ɗin ka nace, iPad mini mai SIM nake ba da shawara, ba waɗannan manyan masu araha da ake haɗawa da kibod da biro a kwali ɗaya ba. Ka lura da baki: mini 5 Lightning ne, mini 6 USB-C.

Wani zai ce maka ka sayi DJI RC mai sikirin ka huta gaba ɗaya. Abu ne mai kyau wallahi, babu jona kebul babu kira, amma ba ya aiki da Mini 2, sai irin Mini 3 da Air 2S da Mavic 3, kuma ba ya karɓar manhajojin waje. Ka ajiye wannan a ranka sai ranar da za ka canza jirgi.

Shawarata gare ka ita ce waya ta musamman, wadda ba ta da wani aiki sai wannan. Ba layi a ciki, ba WhatsApp, ba TikTok. Ka san halin ranar biki, uwar amarya za ta kira ka sau goma, kuma kira in ya shigo rufe maka hoto yake daidai lokacin da ango ke fitowa daga mota. Tashin jirgi ba ya buƙatar data, intanet sai wajen shiga akawun da sabunta manhaja da sauke taswira, wannan kuwa ka kunna mata hotsifot daga wayarka tun a gida, ka buɗe taswirar unguwar da za ka je ta ajiye, sannan ka kashe. Ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye ma, in komai na tafiya daidai kada ka yi ofdet daren jajibirin aiki, ka bari sai ranar da ba ka da biki ka gwada a fili. In dole wayarka ta kullum za ka yi amfani da ita, ka sa ta a yanayin jirgin sama kafin ka tashi, GPS yana aiki a haka.

Tunda ta hannu za ka saya, ga inda ake cin mutane. Wayar da aka canza wa sikirin da na kanti haskenta ba ya kai na asali ko kusa, a cikin shago ba za ka gane ba, sai ka fita waje. Batir da ya tsufa shi ma yana ƙara zafi, a iPhone ka duba lafiyar batir, in ta yi ƙasa da kashi 80 ka lissafa kuɗin canji a ciniki. Ramin caji ka girgiza kebul a ciki ka gani, in yana motsi yana yankewa to hoto zai riƙa ɗaukewa kana sama, wani lokaci ƙurar hunturu ce kawai ta cushe, tsinken sakace zai fitar, wani lokaci kuma ramin ne ya gaji. Kebul ma ba kowanne ne ke ɗaukar bayanai ba, akwai na caji zalla, ka riƙe na asali da ya zo da rimot ka nemi na biyu ka jefa a jaka.

Af, tunda a Kano kake, ka nisanci kewayen filin jirgin Malam Aminu Kano da barikoki, kuma ka sani a Najeriya hukumar sufurin jiragen sama, wato NCAA, ce ke kula da harkar jirage marasa matuƙi, tare da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, mai yin sana'a da shi ya kamata ya nemi takardunsa.

Ranar da za ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut, ka tafi da rimot ɗinka da jirgin da kebul a jaka, kuma ka je da tsakar rana ba da yamma ba. Ka cire farfela, ka ce wa mai shago kafin kuɗi sai ka sauke DJI Fly ka jona. Ka kunna jirgin ba tare da ka tashe shi ba, ka fito bakin shago inda rana take, ka ƙure haske ka bar hoton yana gudana kamar minti goma, kana wuce hannunka a gaban kyamara kana duba ko abin da ke sikirin yana bin hannun nan take ko yana jan ƙafa. Kada ka wuce haka sosai, shi kansa Mini 2 in ya daɗe a kunne a ƙasa zai yi zafi. In minti goman ta cika haske bai dushe ba, hoto bai tsaya ba, kana iya karanta lambar batir ba tare da ka kare da tafin hannu ba, sai ku fara ciniki. Mai shagon da ya ce ba zai bari ka gwada ba, ka yi masa sallama ka shiga na gaba.