Ƙanwata, "assertive" daban, "aggressive" daban

Saƙonki ya iso. Kin ce a tallar aikin jinya da kika gani ta Ingila suna neman ma'aikaciya "assertive", da kika duba ƙamus sai kika ga kamar ita da "aggressive" Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, har kina tsoron ko fitsara suke so ki koyo. A kunnen Bature nisansu ya kai na yabo da zagi.

"Assertive" ita ce wadda ta san abin da take faɗa, ta faɗe shi sarai, murya a kwance, ba ta janye ba don wanda ke gabanta ya girme ta. "Aggressive" kuwa mai zafin kai ce, mai hayaniya, wadda ake jin kamar za ta kai duka. Za ki ji likitoci na kiran ciwon daji mai saurin yaɗuwa da wannan kalma, ba komai. Amma ranar da aka liƙa wa mutum ita a rubuce, ta zama tabo.

Ni ta farkon ce ta fara kayar da ni. A watannina na farko, wani dare makin NEWS2 na wani dattijo ya kai 7. Wannan ma'auni ne da ke haɗa numfashi, bugun zuciya, hawan jini, zafin jiki da sauransu, kuma daga 7 zuwa sama gaggawa ce. Na kira likita da irin ladabin gida, na ce in ya samu sarari ya ɗan leƙo. Shi ya ɗauka ba wani abu ba ne, ya ci gaba da aikinsa. Allah Ya taƙaita, amma da safe shugabar sashenmu ta zaunar da ni. Kawaicin da Umma ta raine mu da shi, sunkuyar da kai da zagaye magana, a nan fassararsa ɗaya: ba ki tabbata ba. Dokar aiki ta NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a nan, ita ma ta wajabta miki ɗaga magana idan majinyaci na cikin haɗari.

Ta biyun kuma ba sai kin yi faɗa take samunki ba. Mu muna hira da ƙarfi, da hannu, da "haba!" Wata rana ina musu da abokiyar aiki kan jadawalin hutu, irin musun da a gida ko juyowa ba za a yi ba, sai ga shi an ce na tsorata ta. A ganina baƙar mace ta fi saurin shan wannan suna, kuma ba kullum da laifinta ba.

Abin da ya cece ni shi ne SBAR, tsarin ba da rahoto da za ki yi amfani da shi tun a jarrabawar OSCE (gwajin aiki a aikace kafin a yi miki rajista): halin da ake ciki, tarihin majinyaci, abin da kika gano, abin da kike so a yi. Ki kalli mutum ido cikin ido, ki ce "makinsa 7, ina buƙatar ka zo yanzu", ki yi shiru. Kada ki ɗaga murya, kada ki nuna shi da yatsa.

In kuwa aka taɓa ce miki "aggressive" a gaban manaja, ki nemi a faɗa miki rana da ainihin abin da kika furta. Don haka da kin sauka ki shiga ƙungiyar ma'aikata, RCN ko UNISON, saboda ki samu wakilin da zai raka ki irin wannan zama.

Ki gaishe da Umma, ki ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.