Me ya sa hotunan ƙanƙara ke fito mini toka-toka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Karatu ya kai ni ƙasar da ake zuba ƙanƙara. Da safe nakan ga rassan itatuwa da ciyayin bayan gida sun daskare suna ƙyalli, amma in na ɗauka da waya sai hoton ya fito dishi-dishi, toka-toka. Laifin wayar ne, ko sai na je inda ke da manyan tafkuna?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ba sai kin je ko'ina ba. Wilson Bentley, manomi ne a jihar Vermont ta Amurka, a gonarsu ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara guda a 1885, kuma kafin ya rasu a 1931 ya tara irinsa sama da 5,000.

Wayarki ma lafiyarta ƙalau. Kyamara tana auna haske ne da zaton duk abin da ke gabanta tsaka-tsaki ne, ba fari ba, ba baƙi ba. In ta ga fari fat ya cika wuri sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, farin ya koma toka. Ki taɓa allon wayar a kan abin da kike so, ki ja alamar rana da za ta fito a allon sama kaɗan. A babbar kyamara ki ƙara haske zuwa +1, wani lokaci har +2. Amma da zarar ƙananan zanen jikin ƙanƙarar sun fara ɓacewa, kin zarce, ki dawo baya.

Babban aikin dai shi ne inda kika tsaya. Ƙanƙara ba ta da launin kanta, hasken da ya ratsa ta take nunawa. In rana na bayanki, hoton zai fito lami. Ki zagaya har ranar ta koma bayan reshen ko gefensa, ki durƙusa, ki nemi abu mai duhu ya zame masa bango: inuwar gini, kututturen itace, ko baƙin mayafi a hannun wani. Nan take za ki ga bakin kowane ganye ya kama wuta.

Ki riƙa duba hasashen yanayi da dare. In sama ta washe, babu iska, sanyi kuma ya sauka ƙasa da digiri 0 na Celsius, danshin iska kan daskare kai tsaye a jikin ciyawa da wayar shinge, ya fito tsini-tsini kamar allurai. Wannan ba ya jiran mai nawa. Rana na taɓa shi ya narke, don haka ki riga ta fita. Ki kuma leƙa ɗan ruwan da ya kwanta a gefen hanya ya daskare, akwai kumfar iska da ta maƙale a ciki da fararen zobba. Ki matsa kusa sosai, amma ki riƙe numfashi, domin hucin bakinki kaɗai ya isa ya narkar da abin ko ya rufe gilashin kyamarar.

Shuɗin da kike gani a inuwa hasken sararin sama ne. Ni ban cika goge shi duka ba, shi ke sa mai kallo ya ji sanyin.

Batir na saurin mutuwa a sanyi, ki sa wayar a aljihun ciki har sai za ki ɗauka. In babbar kyamara ce, ki rufe ta cikin leda tun kina waje, ki bar ta kamar awa ɗaya bayan kin shiga ɗaki, don gumin ya taru a jikin ledar maimakon cikinta. Tafki ko kogin da ya daskare kuwa, daga bakinsa za ki ɗauka. Ko da kauri ya kai santimita 10 a wani wuri, taku kaɗan gaba yana iya zama ɓawo, musamman inda ruwa ke gudu a ƙasa.