Tambaya da Amsa: Wai Wolverine gajere ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, daga Tudun Wada Kaduna nake. Shekaranjiya gardama ta kaure tsakanina da abokina a teburin mai shayi, wai akta Hugh Jackman bai dace da Wolverine, jarumin nan na fim ɗin X-Men, ba don a littafin komik gajere ne, ni kuma na ce ba wanda zai iya sai shi. Don Allah a raba mana gardama, masu fim suna duba littafin kuwa kafin su ɗauki akta?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Zancen tsawo kam abokinka bai yi ƙarya ba, a littafi Wolverine ƙafa 5 da inci 3 ne, guntu mai kauri ga gashi ga baƙar zuciya, shi kuwa Jackman ya haura ƙafa 6. Amma tun da ya fito a X-Men a 2000 wa ya ƙara ɗauko tef ɗin tela? Abin da mutane suka gani shi ne halin, mutum mai ƙunci wanda ba ya son shiga jama'a amma in aka taɓa yaro a gabansa sai dai a kwashi gawa.

Kuma irin wannan ƙorafin ya daɗe. Da aka ba Michael Keaton Batman na 1989 ca aka yi masa, wai ɗan barkwanci ne, kamar dai a fim ɗinmu na Hausa a ɗauko wanda aka saba dariya da shi a naɗa masa rawanin sarki. Heath Ledger ma an yi ta raina shi kafin a ga Joker ɗinsa, wato mugun da ke gaba da Batman, a 2008, ƙarshenta har babbar lambar yabo ta fim, Oscar, ya samu bayan rasuwarsa.

Ni inda na fi ganin darasi Deadpool ne, shi ma wani jarumin komik. A littafi baki ne da shi kamar reza, ba ya shiru ko a tsakiyar faɗa, har mai karatu yake juyowa ya tsokana. To a 2009 aka ba Ryan Reynolds, mutumin da surutu ne sana'arsa, sai masu fim ɗin suka ɗinke masa baki a ƙarshe, wallahi ɗinkewa ta gaske a cikin labarin fim ɗin, kai ka ji ɓarna! A 2016 aka dawo da shi ɗin dai, aka sake masa baki, fim ya karɓu. Ka ga ashe laifin na marubuta da darakta ne.

Wani lokacin ma littafin ne ke bin akta, Nick Fury na komik a da Bature ne, daga baya aka zana shi da fuskar Samuel L. Jackson tun kafin ya fito a fim.

In abokinka ya nace sai guntu, ka kunna masa Deadpool & Wolverine na 2024, akwai inda suka nuna gajeren Wolverine irin na littafi, kuma don a yi dariya suka sa shi. In ya dara, shi zai biya kuɗin shayi.