Kar ka murɗe wayar L da ta R wuri ɗaya

Yarona na ga saƙonka tun da rana, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu na samu zama. Ka ce injin eko ɗin da aka kawo maka yana da mafita biyu, L da R, wato hagu da dama, ita kuma amfilifayar rami ɗaya gare ta, shine kake tambaya ko ka fere wayoyin biyu ka murɗe su ka kai jak ɗaya yadda ka ga wasu suna yi. To kar ka yi, ko da kebul ɗin nan mai reshe biyu da ake sayarwa a kasuwa kar ka yi da shi, an yi shi ne don raba mafita ɗaya zuwa mashiga biyu, juya shi da ake yi shine ɓarnar.

Kowace mafita turo wuta take yi, kuma turjiyarta kaɗan ce, da yawa om 100 ne ko ɗaruruwa kaɗan, ita kuma mashigar amfilifaya om 10,000 zuwa sama take, ta jita ma har miliyan ɗaya. Idan ka ɗaure L da R kai tsaye kowacce sai ta koma tana zuba wutarta a cikin 'yar'uwarta tunda nan ne hanya mai sauƙi. Ɗauki lokacin da L ta tashi bolt 1 sama R ta sauka bolt 1 ƙasa, kaga bolt 2 kenan a kan om 200, miliyam 10, wato kashi 10 cikin dubu na amfiya, ke gudu tsakaninsu, alhali 'yar aisin (IC) da ke turo sautin a cikin injin, irin su 4558 ɗin nan mai ƙafa 8 da kake yawan gani a allo, an fi so ta ga lodin om 2,000 zuwa sama. Ba lallai ta ƙone ranar ba, amma za ka ji sauti yana karcewa in an ɗaga, kuma kana gajiyar da ita a banza, kayan mutane ne amana.

Kafin ka kunna ayon likin dalma ma juya injin ka karanta bayansa. In ka ga an rubuta L/MONO a rami ɗaya, ko A/MONO kamar yadda Boss ke yi, shikenan aiki ya ƙare, sa jak ɗaya a nan ka bar ɗayan ramin babu komai, akwai ɗan makunni a cikin ramin da ke gaya wa injin ya haɗa da kansa. Fiyanon Yamaha ma da yawa haka suke.

In babu wannan rubutun sai ka nemo resisto biyu, abin rage gudun wuta kenan, masu 1k, wato om 1,000, kwatan wat, launinsu ruwan ƙasa, baƙi, ja, ka auna su da mita ka tabbatar sun yi kusa da juna. Wayar tsakiya ta L ta shiga ƙafar ɗaya, ta R ta shiga ƙafar ɗayan, sauran ƙafafun biyu ka haɗe su ka like da dalma a kan tsinin jak ɗin da zai shiga amfilifaya, su kuma sakar wayoyin na waje, negatif kenan, su ka haɗe kai tsaye a jikin jak ɗin ba komai. Ni a cikin murfin jak ɗin amfilifaya nake cusa su, na gajarta ƙafafun na sa wa kowanne robar da ke tsukewa da zafi don kar su taɓa murfin in na ƙarfe ne. Yanzu lissafin ɗazu ya koma ƙasa da miliyam 1. Resisto mai 4.7k ma yana yi, amma kar ka haura sosai in akwai doguwar waya a gaba, kaifin sautin yake cinyewa. Abin da ke cikin ɓangarorin biyu daidai zai fito da ƙarfinsa, wanda ke ɓangare ɗaya kawai zai ragu da rabi, desibel 6, ka ƙara da bolum.

Sai abin da resisto ba ya magani, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Wasu injinan korus da feza, masu kaɗa sauti su faɗaɗa shi, faɗin da kake ji na ƙarya ne, juya kan sautin suke yi a R, ɗaya na turawa ɗaya na ja, ka haɗa su sai su cinye juna. Na taɓa haɗawa a wajen wata walima, mai waƙen yana ta ɗago min hannu wai na ƙara, na murɗa har ƙarshe murya tana fitowa busasshiya kamar ba injin, ina zare jak ɗin R sai ga shi ya dawo. Don haka in ka gama haɗawa ka yi magana a makirufo, ka zare R ka mayar sau biyu uku kana saurare, in da L kaɗai ya fi cika to bar shi a haka. Amma eko mai tsalle hagu da dama in ka ɗauki L kaɗai rabin amsawar ya tafi, shi dole a haɗa, ko ka shiga saitinsa ka mayar da shi mono, wato layi ɗaya, in yana da wajen.

Duk wannan maganar ƙaramin sauti nake, wanda bai shiga amfilifaya ba tukuna. Mafitar da ke zuwa sifika kam ko da wasa kar ka haɗa biyu, nan take taransisto ke tafiya, balle ƙananan allunan amfilifayar nan na TPA3116 da ko negatif ɗin L da na R ba a haɗawa.

In mai kayan yana da ƙaramar miksa ya fi sauƙi, L a layi ɗaya R a na biyu, fan, wato maɓallin karkata sauti hagu ko dama, duka a tsakiya, ka ɗauki mafita ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu ka taho da injin da jak uku shago, resisto akwai a gwangwanin da ke ƙarƙashin benci, kai za ka like ni na duba.