Hukuncin ajiye kyandir a shagon wani ya sayar a kan la'ada

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina haɗa kyandir mai ƙamshi a gida a Tudun Wadan Zariya, irin na cikin kofin gilashi da ake sa wa amare a ɗaki. Duk wata ina kai wa wani mai shago a Samaru dozin biyu. Na liƙa wa kowane kofi farashinsa, naira 3,000, muka yi da shi zai ɗauki kashi 20 cikin ɗari na duk wanda ya sayar. Wani ɗalibin ilimi a danginmu ya ce haramun ne, wai ladan mai shagon ba sananne ba ne, kuma Imamu Malik ya hana. Sannan a watan Afrilu guda biyar sun lalace, kakin ya yi gumi, launin ya koɗe, don mai shagon ya jera su a bayan gilashin da rana ke duka. Ya ce asarata ce. Na kuma ji wani lokaci yana sayarwa 3,500 ya riƙe ƙarin. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa sana'arki albarka, 'yar'uwa. Yin kyandir da sayar da shi halal ne, wakilta wani ya sayar miki a kan lada shi ma halal ne.

Amsar tambayarki tana cikin wata magana da kika faɗa a wucewa: kin liƙa wa kowane kofi farashi.

Ɗan'uwan naki bai yi wa Imamu Malik ƙarya ba. A cikin Muwaɗɗa ya ce bai halatta a ba mutum haja a ce ya sayar yana da kaza a cikin kowane dinari ba. Amma ya faɗi dalili a wurin: duk dinarin da ya ragu daga kuɗin hajar zai rage hakkin mai sayarwa, don haka bai san nawa aka yanka masa ba. Wato maganar tana kan hajar da ba a tsayar mata da farashi ba. Dab da wannan kuma Malik ya halatta a ce wa mutum, in ka sayar a farashi kaza kana da lada kaza, in ba ka sayar ba ba ka da komai, matuƙar an ambaci farashin an ambaci ladan. To kashi 20 na naira 3,000 nawa ne? Naira 600 ne, tun ranar da kika sauke kwalin kowannenku ya san haka. Lafazinku ya yi kama da surar da aka hana, amma haƙiƙarsa ita ce surar da aka halatta, kuma a ciniki ma'ana ake dubawa. Yana da haɗari ɗalibi ya ɗauki rabin maganar malami ya bar dalilinta, ya haramta wa mace abincinta.

Ɗan'uwan naki zai iya cewa ai ba a san kofi nawa za a sayar a wata ba. Wannan ba ya cutarwa, tunda ladan kowane kofi sananne ne, kamar ɗan dako a kasuwar Sabon Gari da ake biya a kan kowane buhu ba tare da an san buhu nawa zai ɗauka kafin magariba ba. Abin da malaman mazhabarmu suka hana shi ne a tara wa mutum kaya masu yawa a ce ba shi da ko sisi sai ya sayar da su duka, domin zai iya wahala a kan ashirin da uku ya tashi a tutar babu saboda ɗaya. Naku ba haka yake ba. Kuma ko da ba a tsayar da farashin ba, mas'alar ta saɓani ce: Bukhari ya kawo daga Ibnu Abbas cewa babu laifi a ce wa mutum sayar da tufan nan, abin da ya ƙaru a kan kaza naka ne, Imamu Ahmad ma ya tafi a kan haka, ko da yake mafi yawan malamai ba su yarda ba. Wanda zai ce haramun kai tsaye ya kamata ya san wannan. Ƙarshen wata kuma ku ɗauke shi ranar lissafi kawai, kowa na da damar janyewa sa'ad da ya so.

Wannan farashin da ya wanke yarjejeniyar, shi ne kuma ya kama mai shagon. Kyandir naki ne har ya shiga hannun mai saye, shi wakili ne. Naira 500 ɗin da yake ƙarawa kuɗin kayanki ne, ba ta halatta gare shi sai da izininki. Urwatul Bariƙi da Annabi (SAW) ya aika sayen akuya da dinari ɗaya, akuyar da dinarin da ya samu a kai duka ya dawo da su. In ya sayar ƙasa da 3,000 ba da izini ba shi zai cika, in ya ba da bashi ba ki ce ba shi zai biya. Haka kuɗinki da ya shiga aljihun teburinsa, ba ya juya shi a sarin kayansa. Sai dai kin ce "na ji", ji kuwa ba hujja ba ne. Ki tambaye shi cikin mutunci kafin ki tuhume shi. In kuma kasuwar Samaru na ɗaukar 3,500, ki ɗaga farashin a fili, la'adarsa ta koma 700.

Kofuna biyar ɗin: ɗan amana ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umarni. Gobara ko sata bayan ya kulle shago yadda aka saba, asararki ce, ko da kun yi sharaɗin shi zai biya komai, domin sharaɗin bai inganta ba a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai. Amma ajiye kaki a bayan gilashi a bazarar Zariya, lokacin da ko a inuwa zafi ke kusantar digiri 40, magana ce daban. Kakin kofi mai taushi ne, tun wajen digiri 50 yake narkewa, kafin nan ma turaren ya tsattsafo sama, lagwani ya kwanta. In kin gargaɗe shi, biya ya hau kansa babu shakka. In ba ki faɗa ba, a tambayi 'yan kasuwa biyu masu adalci ko wannan sakaci ne a al'adarsu. A ganina wanda ke sayar da man shafawa ya san aikin rana. Ke ma ki binciki kanki: in kin zuba turare fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyin kakin, zai yi gumi ko a inuwa, wannan aibin daga hannunki ne. Abin da zai biya shi ne abin da ya ragu daga ƙimar kayan, tunda kofin da kakin suna komowa gare ki. Ina ba ki shawarar sulhu a kan guda biyar, mai shago nagari ya fi su tsada.

In za ki sake narka su, ki sa kakin a gwangwani ki ɗora shi a cikin ruwan zafi, kada ki aza kaki kai tsaye a kan wuta. In ƙamshin ya ragu ki ƙara turare ko ki faɗa wa mai saye. Kada ki rubuta kakin zuma a kan abin da farafin ne ko gauraye, algus ne. Kada ki zuba turaren fesawa mai sinadarin barasa, ba ya haɗuwa da kaki kuma yana kama wuta. Ki liƙa gargaɗi a gindin kofi: a datse lagwani ya rage kamar rabin santimita, kada a bar shi yana ci fiye da awa 4, a nisanta shi da labule da gidan sauro da yara. Ɗakin amarya cike yake da yadi, wannan hakki ne a wuyanki. Wanda kuma kika tabbatar don aikin boka yake nema, kada ki sayar masa. Wanda ba ki sani ba, ba a ɗora miki bincike ba.

Ku buɗe littafi mai kwafi biyu: rana, adadi, farashi, la'ada, inda za a ajiye, da sa hannunsa. In ya rasu ko bashi ya ci shagon, takardar nan ce za ta raba kayanki da na magada da masu bin bashi. Zakkar kayan ma a kanki take in dukiyar kasuwancinki ta kai nisabi shekara ta zagayo. In kuwa kuɗi tabbatacce kike so, ki sayar masa sari a kan farashi da wa'adi sananne, daga nan riba da asara duka nasa ne. Daga Maris zuwa saukar damina ki riƙa kai dozin ɗaya duk mako biyu.

Allah ne mafi sani.